Hannun Mang Ruben

Bashar bai zo tarbata a filin jirgin Manila ba. Awa huɗu na yi zaune kan akwatina a bakin ƙofar fita, cikin wani zafi mai ɗanko da ban taɓa sani ba, ni da aka haifa a Aliero. Namu zafin busasshe ne, in ka shiga inuwa ka huta. Nasu yana bin mutum har cikin inuwar. Da ya ga damar ɗaukar waya sai ya ce, "Attahiru, ka iso? Madalla. Ina wani gari yanzu. Hau bas mai zuwa Santa Cruz, ka nuna ma direba adireshin da na turo ma."

Bashar ɗan Jega ne. Ya daɗe a Filifin, kuma duk mai son tura ɗansa karatun lafiya can daga yankinmu, gidansu ake nuna masa. Shi ya zauna a zauren mahaifina ya sha fura, ya ce in aka ba shi ni, shekara huɗu zan dawo da takardar likitan ƙashi da gaɓoɓi. Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Tun ina ɗan shekara goma nake riƙe wa Baba ƙafafun mutanen da ake kawowa daga Sabiyal, da Kashin Zama, da garuruwa masu nisa. Amma ni kara da tsumma sun ishe ni. Farar riga nake so, da takarda a bango. Baba bai hana ni ba, bai kuma yi murna ba.

Makarantar da na tarar a Santa Cruz ɗaki uku ce a saman shagon tayoyi. Akwai allo, da kujerun roba, da wani ƙwarangwal na roba da muƙamuƙinsa ya ɓata. Mu tara ne ɗalibai, duk baƙi. Ranar farko, kafin a koya mana ko harafi ɗaya, aka raba mana fararen riguna aka ɗauke mu hoto ɗaya bayan ɗaya. Na tura wa yayana Sani hoton, ya zaga da shi gida-gida. Malami sau biyu yake zuwa a mako, ya karanta mana abin da ke cikin wayarsa ya tafi. Na ga alamun, amma na ƙi in gani.

A mako na uku Bashar ya bayyana, cikin turare da murmushi. Ya rungume ni, ya saya mini kaza, ya karɓi fasfo ɗina wai zai kai a buga mini bizar ɗalibai. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe a ƙasar.

Wata biyar bayan haka muka wayi gari da kwaɗo a ƙofar bene, da takardar hukuma a liƙe: makarantar ba ta da rajista. Ɗakin kwananmu ma nata ne, aka haɗa da shi aka kulle. Sauran ɗaliban suka watse, kowa ya nemi mutanen ƙasarsu. Ni nawa mutumin ya daina ɗaukar waya. Kwana shida na yi ina kwana a wani ɗan masallaci na 'yan kasuwa Musulmi da suka zo daga kudancin ƙasar, da safe in dawo in zauna a gindin benen, kamar kwaɗon zai buɗe kansa.

A nan Aling Nena ta same ni. Aling lakabin girmamawa ne ga mace babba, kamar mu ce Inna ko Gwaggo. Tana sayar da shinkafa da kifi a bakin titin, kullum da safe take zuwa daga garinsu da tukwanenta. Tun ranar da na tambaye ta ko akwai naman alade a miyarta ta ware mini ludayi daban, ba tare da na roƙe ta ba. A rana ta shida ta zuba mini shinkafa, ta tsaya tana kallona ina ci da sauri.

Ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Ban sani ba, Aling."

"Ka iya ɗaukar kaya?"

"Na iya."

"Mijina yana bukatar mai ƙarfi. Ɗanmu ba ya nan. Ɗauki wannan tukunyar."

Da tukunya a cinya na shiga Paete, garin nasu, cikin wata doguwar mota mai zane-zane da ake zama fuska da fuska. Matar da ke kusa da ni ta janye jakarta ta rungume. Na saba da wannan daga baya, kamar yadda na saba da a nuna ni da baki ana dariya.

Paete gari ne da aka matse. Ta hagu tafki ne, babba har ba ka hango ɗaya gaɓar sosai, ruwansa ruwan ƙasa-ƙasa, kainuwa ta rufe bakinsa. Ta dama tsauni ne kore shar, ya miƙe tsaye kamar bango, da wasu fararen gicciye uku a kansa. Tsakanin ruwa da dutse aka cusa garin, gida a kan gida, lunguna matsattsu waɗanda babur biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya tsaya. Ni da na saba da fadamar albasa inda ido ke tafiya har ya gaji, sai na ji kamar an sa ni a akwati. Kuma kafin ka ga komai, kunnenka ne zai fara sanin garin. Daga kowane gida ƙarar guduma ce a kan ƙarfe, ƙwas, ƙwas, tun safe har yamma. Iskar ma ƙamshin ɗanyen katako take yi.

Mang Ruben, mijin Aling Nena, gajere ne, ya haura sittin, da tabarau ɗaure da zare. Mang shi ne lakabin girmamawa ga namiji babba. Bai tambaye ni takarda ba. Hannuna ya kama ya juya, ya duba tafin, ya ce da matarsa wani abu da yarensu. Ta ce, "Wai hannunka bai san aiki ba, amma zai koya."

Da na shiga shagon sai na ja da baya. Mutum-mutumi ne ko'ina, wasu sun kai tsayina: mata masu hawaye, maza masu gemu, yara masu fukafukai, wani an gama rabin fuskarsa, rabin yana cikin gungume. Waliyyan addininsu ne, ana saye daga majami'u na nesa da kusa. Mang Ruben ya miƙo mini samfefa ya nuna wata fuska.

Na ce, "Mang, wannan ba zan iya ba. Addinina bai yarda ba."

Na ɗauka korata zai yi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓe samfefar, ya kai ni bayan shago inda ƙofofi da kujeru suke. Ya ce, "Ganye da fure fa? Addininka ya yarda da fure?" Na ce ya yarda. Tun daga ranar, fure da ganye da reshen inabi ne rabona, da ɗaukar gungume. A ɗakin ajiyar katako suka shimfiɗa mini katifa. A nan nake salla, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne alƙibla. A gida gabas muke fuskanta. A can yamma ce, wajen tafki. Kullum in na ta da kabbara sai in ji kamar na juya wa wani abu baya.

Mang Ruben ba ya shiru in yana aiki, kuma duk hirarsa ta garin ce. Ya ce fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, wani limamin Kirista ɗan Sifaniya ya iso wurin, ya tarar da mutum yana sassaƙa, ya tambaye shi sunan garin. Mutumin ya ɗauka ƙarfen hannunsa ake tambaya, ya ce "paet", wato irin ƙarfen da kafintocinmu ke kira cizal. Sunan ya zauna. "Ka gani," in ji shi, "garin da aka raɗa wa suna bisa kuskure. Baƙo ya tambaya, ɗan gari bai gane ba. Har yau haka muke da baƙi." Ya kai ni tsohuwar majami'arsu ta dutse, na tsaya daga waje, ya nuna mini furannin da kakanninsa suka sassaƙa a fuskar ginin. Girgizar ƙasa ta rushe ta ba sau ɗaya ba, suna sake ɗagawa. Mutanen Sifaniya sun mulke su, Amurkawa sun zo, Japanawa sun zo, kowa ya tafi ya bar su da gudumarsu. Ya ce akwai lokacin da takalman katako na garin suka cika kasuwannin ƙasar, kafin roba ta kashe sana'ar.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A lungunmu suna liƙa tsofaffin jaridu da koko a jikin wata ƙirar katako, in ya bushe su tsaga su ciro, su haɗe, su shafa fenti. Taka suke kiransa. Jajayen dawakai ne suka fi yawa, a jere a rana kamar ana shanya barkono.

Amma itacen da suka fi so, wani mai laushi da gara ba ta ci, ya yi wuya. An hana sara a tsaunin, wanda ake samu daga nesa yake zuwa. Samarin garin sun koma jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa. Ɗansa Jun yana can. "Na koya masa sassaƙa abin da zai shekara ɗari biyu," in ji Mang Ruben. "Yanzu ƙanƙara yake sassaƙawa da kankana. Kafin masu kuɗi su gama cin abinci, aikinsa ya narke a faranti."

Ni kuma a lokacin ƙarya nake sassaƙawa. Duk Juma'a sai in sa farar rigata, in tsaya a jikin wani farin bango kusa da kasuwa, in ɗauki hoto in tura gida. Inna ta aiko da murya tana sa mini albarka. Yaya Sani ya ce mutane sun fara kiran Baba uban likita. Wata rana a kasuwar na ga ƙananan jajayen albasa, na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ban san na daɗe a tsaye ba sai da mai kayan ta fizge ta tana faɗa. Ta ina zan fara gaya mata cewa a garinmu irin wannan rumbu-rumbu ake tarawa, yara ma ba sa kallonta?

Da lokacin guguwa ya zo, na ga abin da tafkin ke iya yi. Kwana biyu ana ruwa, a na uku da hantsi tafki ya hau titi, ya shigo lungu da kainuwarsa da shararsa. Kafin azahar ya kai gwiwa a cikin shago. Mang Ruben yana ta kokawa da wata mace ta katako da ta fi shi tsayi, aikin wata huɗu. Ban tsaya tunani ba. Na saɓa ta a kafaɗa na hau bene da ita, fuskarta a jikin kumatuna. Na dawo na ɗauki na gaba. Goma sha ɗaya na hau da su. Da muka gama muna zaune a saman bene a jiƙe, ya ce, "Allahnka zai yi fushi?" Na ce, "Ban sani ba, Mang. Na dai san gumin mutum ne." Aling Nena ta kawo mana wasu 'ya'yan itace na tsaunin, masu kama da ƙananan dankali, cikinsu fari mai zaƙi da ɗan tsami. Ranar ce kaɗai na ji kamar ina da gida a ƙasar.

Haka na shekara ɗaya da 'yan watanni, ba fasfo, ba biza. In na hango ɗan sanda sai in shige lungu.

Babban bikinsu na shekara yana zuwa ne wajen bazararmu, makon da suke tunawa da abin da suka yi imani ya faru da Annabi Isa. Ana fito da mutum-mutumi masu yawa a kan kekuna a zaga gari, wasu ma an yi musu gaɓoɓi masu motsi. A shekarar an ba Mang Ruben aikin gyara ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda kakansa ya sassaƙa. Saura wata biyu, muna sauke gungume daga mota da safe, igiya ta tsinke. Ya kai hannun dama zai tare. Na ji ƙarar da ya yi, kuma na san ta. Na sha jin irinta a bakin waɗanda ake kawowa zaurenmu.

Muka kai shi asibiti a Santa Cruz. Hoto ya nuna ƙashin ya karye sama da tsintsiyar hannu kaɗan, ya goce. Likita ya ce a yi aiki a sa ƙarfe. Mang Ruben ya ƙi. Wani abokinsa an taɓa sa masa ƙarfe, bai sake riƙe guduma ba, kuma ba wanda ya isa ya fahimtar da shi cewa kowace karaya da irinta. Ya sa hannu a takarda da hagu, ya fito. A mota ya juyo gare ni.

"Ka ce gidanku wannan ne aikinku."

Na ce, "Aikin babana ne. Ni riƙewa kawai nake yi. Mang, ka koma asibiti. In na taɓa ka abu ya lalace, kai ka rasa hannu, ni in tafi kurkuku."

"In na koma ma na rasa shi. Gara in rasa shi a hannun wanda na sani."

Aling Nena ta roƙe shi, ta yi kuka, bai motsa ba. Hannun yana ta kumbura. Na san ba zan iya ni kaɗai ba, na kuma san mutum ɗaya ne a duniya zai iya nuna mini. Na shiga ɗakin katako na daɗe ina kallon wayata. La'asar ce a can, a gida hantsi. Na kira Yaya Sani ta bidiyo na ce ya kai wa Baba.

Baba ya kawo fuskarsa kusa da wayar. Ya dubi singiletina mai garin katako, ya dubi gumakan da ke bayana.

"Ina ne nan?"

"Shagon wani masassaƙi ne, Baba. Ya karye. Ina son ka duba."

"Ina likitocin makarantat taku?"

Na ce, "Babu makaranta, Baba. An rufe ta tun bara. Bashar ya tafi da fasfona. Nan nake aiki."

Na ji Yaya Sani ya yi salati a bayan wayar. Na ga Baba ya ɗaga ido sama, ya sauke.

Sai ya ce, "Nuna man hannun."

Na nuna masa, na nuna hoton asibitin a jikin taga. Ya sa na bi ƙashin da babban yatsa a hankali. "Mi ka ji?" Na faɗa masa. "Awo. Sa shi ya motsa yatsu. Suna jin taɓi? To, da sauƙi. Akwai kara nan?" Babu kara, sai gora. Mang Ruben da kansa ya nuna wa maƙwabcinsa yadda zai tsaga ta siri-siri ya goge kaifin. Maƙwabcin ya riƙe gwiwar hannu, Aling Nena ta riƙe wayar, ni na kama tafin.

"Yi bisimilla. Kak ka ja da ƙarhi, ja da haƙuri. Ci gaba. Ci gaba. Yanzu danna."

Na ji ƙashin ya koma mazauninsa a ƙarƙashin yatsana. Mang Ruben ya ciji tawul, gumi yana zuba, bai yi ƙara ba. Na naɗa auduga, na jera gorar, na ɗaure da tsumman da Aling Nena ta yaga daga zanen gado.

Baba ya ce, "Kwana bakwai-bakwai za ka kwance ka sake ɗaurewa, kumburi na sauka ɗauri na sakewa. Yatsun nan kullum ya motsa su. In an yi kwana arba'in ka cire gaba ɗaya, ka dinga murza mai da mai, kana lanƙwasa tsintsiyar kaɗan-kaɗan. Dattijo ne. In ɗaurin ya wuce lokaci nai, hannun sandarewa za ya yi. Ka jiya?"

"Na ji, Baba."

Ban samu na ba shi haƙuri ba. Ya miƙa wa Yaya Sani wayar.

Mako na farko na kwance na duba. Kumburi ya sauka, ƙashi yana zaune daidai. Mang Ruben ya motsa yatsunsa biyar yana dariya, ya ce a lungu kowa ya zo ya gani. Matan da ke janye jaka suka fara gaishe ni. Azumi ya kama a makon, Aling Nena ta tambayi lokacin shan ruwa, kullum kafin rana ta faɗa cikin tafki ta ajiye mini kofin ruwan kwakwa a kan gungume. Mang Ruben yana zaune da hannu a rataye, yana nuna mini yadda zan gyara furannin keken da za a ɗora aikin kakansa.

Abin da ban sani ba shi ne, washegarin kiran nan Baba ya tura Yaya Sani Jega, gidan su Bashar. Yaya Sani ba ya iya magana a hankali. A ƙofar gida ya tsaya ya faɗi komai, ranar kasuwa, mutane suna ji. Iyaye biyu da ke shirin ba da 'ya'yansu suka fasa.

Kwana goma sha biyu da ɗorin, Bashar ya kira ni, karo na farko cikin fiye da shekara.

"Attahiru, ni za ka tona ma asiri a garinmu?"

Na ce, "Ka ba ni fasfona kawai."

"Za ka same shi. Na san inda kake, na kuma san abin da kake yi ba lasisi. Gida kake so ko? Za ka tahi gida."

Kwana biyu bayan haka, da safe, ranar da zan sake kwance ɗaurin, na riga na ɗora ruwan ɗumi, sai ga jami'an shige da fice uku a ƙofar shago. Ba su yi mini wulaƙanci ba. Fasfona yana hannun ɗaya daga ciki, wani ya aika musu da shi tare da adireshina. Bizata ta mutu tun da daɗewa, ba abin musu. Na roƙe su minti goma in gyara ɗaurin. Babbansu ya dubi gorar da tsumman, ya ce da shi ne ni ba zai ƙara taɓa hannun nan a gaban hukuma ba. Mang Ruben ya biyo mu har bakin mota yana magana da ƙarfi da yarensu, guduma ta tsaya a duk lungun. Ta tagar mota na ce masa, "Ka motsa yatsu, Mang. Kullum."

An fara tsare ni a Santa Cruz. A kwana na biyar Aling Nena ta zo da shinkafa da kifi a ƙunshe cikin ganyen ayaba. Ta bayan ragar ƙarfe muka yi magana.

Na ce, "Wa ya kwance masa?"

"Ba kowa. Ya hana. Ya ce kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ya ce za su sake ka."

"Ba za su sake ni ba, Aling. Ki gaya masa. Ki kai shi asibiti, ko ki kwance da kanki." Na nuna mata a hannuna yadda za ta yi, na ƙirga mata kwanakin da yatsu, na maimaita. Turancinta na ciniki ne, nawa yaren nasu bai wuce gaisuwa ba. Tana ta gyaɗa kai tana hawaye. Har yau ban san nawa ta gane ba. Washegari aka mayar da ni Manila.

Wata huɗu na yi a gidan tsare baƙi, cikin mutanen ƙasashe da yawa, kowa da Basharinsa. A can na yi sallar idi, mu bakwai a tsakar gida. Wayata ta ɓace a wajen sauyin wuri, da lambobin da ke cikinta. Na ƙirga kwana arba'in ɗin a raina, ranar da suka cika ban iya cin abinci ba. Sai da Yaya Sani ya sayar da albasar da ya adana ta shekarar aka sayi tikitina.

Daga Abuja na hau mota. Da muka wuce Maiyama na fara ganin gero ya yi kai, ƙasa a shimfiɗe har ƙarshen ido, na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji komai ba. A tashar Jega na sauka in canja mota, sai ga wani babban allon talla a jikin shago: karatun likita a ƙasar waje, cikin sauƙi. Sunan kamfanin sabo ne, lambar wayar ce ban manta ba. A tsakiyar allon wani saurayi ne cikin farar riga yana murmushi. Ni ne. Na tsaya a ƙarƙashinsa da jakar leda a hannu, ba wanda ya gane ni.

Na tarar da Baba a zaure da mutane. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar daga Birnin Kebbi na dawo. Sai da ya sallami wanda ke gabansa ya juyo. Na shirya jin komai: asarar da aka yi, ƙaryar da na shekara ina yi, kunyar da na ja masa.

Ya ce, "Ka kwance mai?"

"A'a, Baba. Kwana goma sha huɗu aka kama ni."

"Wa ya kwance?"

"Ban sani ba. Ya ce ni yake jira."

Baba ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi. Ya lanƙwasa tsintsiyar, ya dunƙule yatsun, ya buɗe, ya ajiye a cinya. Bai ƙara cewa komai a kai ba, har yau.

Bayan wata biyu na samo shafin Jun, ɗan Mang Ruben, a intanet. Na rubuta masa doguwar wasiƙa, na tambayi hannun. Kwana tara kafin ya amsa, layi biyu. Ya ce babansa ya yi wata uku bai bar kowa ya taɓa ɗaurin ba. Ya ce yanzu da hagu yake cin abinci, kuma kada in sake rubuto musu.

Ina zaure na karanta. An shigo da wani manomi daga Kimba, amalanke ta taka masa ƙafa. Baba ya naɗe hannun riga, bai dube ni ba ya ce, "Attahiru, aje wayag ga. Riƙe man nan."

Na ajiye, na riƙe.